A Duba Kafin a Cike

Iyayenmu mata da ke tsakar gida, dattawa da ke zaure, 'yan kasuwa da rediyo a gefen rumfa, matuƙa A Daidaita Sahu da ke kan hanya, ina yi wa kowa sallama. Gaisuwa ta musamman ga mutanen unguwar Sheshe a birnin Kano, da maƙwabtansu na Mandawari da Marmara da Alfindiki, domin maganar yau a ƙofar gidansu take.

Sharhinmu na yau kan gini ne, da abin da ke wurin kafin a kawo tifar yashi ta farko.

Akwai wata magana da ba ta fita daga bakin dillalin fili. Zai kai ka bakin kududdufi, ko gindin wata tsohuwar kuka, ya nuna da hannu ya ce, "Alhaji, wurin nan ba kowa." Kai ma ka duba, ka ga ba gida, ba katanga, ba mai gadi. Sai ka yarda.

To ni ban yarda ba. A cikin birnin Kano babu wurin da ba kowa. Kududdufi yana da masu shi. Tsohuwar bishiya tana da masu ita. Ba su da takardar mallaka, kuma ba sa zuwa kotu, shi ya sa ba a lissafa su. Abin da nake roƙo a yau gajere ne, kuma zan yi ta maimaita shi har ku gaji da ni. A duba kafin a cike. A duba kafin a sare.

Idan aka ce namun daji, hankalin Bakano yakan tafi Gidan Zoo, wanda marigayi Audu Bako ya kafa a farkon shekarun 1970, ko ya tafi dajin Falgore can kan hanyar Jos. Waɗannan suna da masu yi musu magana. Da gwamnatin Ganduje ta kawo batun ɗauke Gidan Zoo zuwa Tiga, kun ji irin ƙarar da gari ya ɗauka. Ni kuwa yau ba zaki na zo yi wa magana ba. Na zo ne saboda kwaɗo da tarwaɗa da shamuwa, waɗanda muke unguwa ɗaya da su.

Bari mu fara daga farko. Daga ina kududdufi ya fito?

Kakanninmu ne suka haƙa shi. Duk soron da ka gani a cikin birni, duk zaure mai zanko, duk katangar tubali, ƙasarsu daga wani rami aka ɗebo ta. Magina su haƙa, su kwaɓa, su mulmula tubali, gida ya tashi. Damina ta zo ta cika ramin. Badi a koma a ƙara ɗiba don yaɓe. A haka unguwa ta samu gidaje, ta samu kuma inda ruwanta zai tafi, duk a aiki ɗaya. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara kusan shekara ɗari tara da suka wuce, wadda Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa, ita ma haka aka yi ta. Tudun badala a nan, ramin da aka ɗebo ƙasarta a gefensa.

Saboda haka duk indararon da ke zuba a lungunan Sheshe yana da inda ya dosa. Daga soro zuwa lungu, daga lungu zuwa kwata, daga kwata zuwa kududdufi ko rafin Jakara. Kududdufi randar unguwa ne. Yana karɓar ruwa ranar da ya yi yawa, ya riƙe shi, ya bar shi yana tsuma cikin ƙasa sannu a hankali. Rijiyoyin gidajen da ke kewaye da shi daga nan suke samun rabonsu.

Inda ruwa ya zauna kuwa, rai ba ya jiran gayyata. A shekarar 1824 wani matafiyi ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya sauka a Kano. Ya rubuta labarin fadamar Jakara da ta kusa raba gari biyu. Ya yi ƙorafin wari da ƙazanta, wannan gaskiya ne. Amma ya ambaci agwagin ruwa da manyan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke sauka a wurin, ya kuma ambaci ungulu da ke share wa gari mushe. A tsakiyar birni ke nan, dab da Kasuwar Kurmi.

Ba sai mun koma shekara ɗari biyu baya ba. Duk wanda furfura ta fara fito masa a cikin birni ya san sunayen nan: Kukkuɓa, Mai Allo, Shema, Hauren Shanu, Hauren Wanki. Ya san kukan kwaɗi a daren ruwan farko, wanda ke hana mutum jin maganar na kusa da shi. Ya san balbela jere a bakin ruwa da hantsi. Ya san zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar ba ya numfashi. Ya san yara da fatsa suna neman tarwaɗa da karfasa. Ya san kainuwa da ta rufe ruwa, da bado mai farin fure. Akwai kififiya. Akwai tsari, da kan fito ya sha hantsi, ya ji motsi ya faɗa ruwa.

Akwai kuma gaiwa, wadda al'amarinta ya isa a tsaya a kansa. Idan rani ya yi tsanani ruwa ya ƙafe, sauran kifaye su mutu, ita sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta, ta kwanta. Tana shaƙar iska, tana cin abin da ta tara a jikinta, wata da watanni. Ruwan farko na sauka ta farka. Allah ya hore mata jure fari. Abin da ba ta da dabararsa shi ne tifa ashirin ta ɓaraguzai da kankare a kanta. Ranar da aka zo cike kududdufi da rani, ana ganin busasshiyar ƙasa ce kawai, ba kowa. Gaiwa tana ƙasa tana jiran damina.

Yanzu, jama'a, na san akwai mai sauraro da ransa ya fara ɓaci. Bari in faɗi maganarsa da bakina, domin yana da gaskiya.

Zai ce: Malam, kai a rediyo kake, mu ne muke kwana a bakin kududdufi. Mu muka san warinsa da bazara. Mu sauro yake ci. 'Ya'yanmu ne ke fitsarin jini saboda tsargiya. Mun ɗauki gawar yaro daga cikinsa, ba sau ɗaya ba. Ɓata-gari suna fakewa a gefensa da dare. Ga shi gida ɗaya mun kai mutum talatin, ba inda za mu sa ƙafa. Sa'an nan ka ce a bar wa kwaɗo fili?

Wannan magana ba a amsa ta da wasa. Uwar da ta rasa ɗa a ruwa ba mai ba ta haƙuri da labarin balbela. Idan aka ajiye ran yaro ɗaya a gefe, aka ajiye duk kwaɗin Kano a ɗaya gefen, ba sai an tambayi kowa ba.

Amma mu duba da kyau. Me ya sa kududdufi yake wari? Ruwan sama ba ya wari. Mu muka juya masa bututun masai. Mu muka mai da bakinsa juji. Leda da robar ruwa da jinin yanka, duk can. Shekara da shekaru ba a yashe shi ba, tun da aka daina ɗibar ƙasar gini. Ba a yi masa ko gajeriyar katanga saboda yara ba. Mun sa masa cuta da hannunmu, sa'an nan muka ce tunda ba shi da lafiya a binne shi.

Batun sauro ma akwai abin lura. Ruwa mai zurfi, mai kifi, yana da masu cin 'ya'yan sauro tun kafin su yi fiffike. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ɗan ruwa marar zurfi da rana ke bugawa, irin wanda ke kwanciya a sawun taya da ramin fandisho da gefen titi. Can ba kifi, ba mai taɓa shi. Idan aka cike babban rami, ruwan da yake ɗauka ba ya komawa sama. Yakan watsu ne ya zama ƙananan tabkuna ɗari a lunguna. An kori kifi, an bar sauro.

Don haka nake cewa a duba. Wani ramin, idan aka duba, za a ga ya riga ya mutu, cikewar ita ce alheri, muddin an yi wa ruwansa wata hanya. Wani kuwa yashewa yake so da katanga da toshe bututun ƙazanta. Amma a duba tukuna. A duba kafin a cike.

To mu juya ga yadda ake cikewar, domin ba a rana ɗaya ake yi ba, kuma ba a yin shela.

Da shara ake farawa. Kowa ya kawo kwandonsa ya juye a baki. Bayan shekara biyu bakin ya yi ƙarfin da za a taka. Sai wani mai rushe tsohon gida ya nemi inda zai zubar da ɓaraguzai, a ce masa ga wuri. Sai ka ga an kafa rumfar mai shayi, ko an ɗaure tumaki. Daga nan a sa langa-langa a kewaye. Wata safiya ka ga safiyo da abin awo. Kafin a farga, takarda ta fito, bulo ya hau, an rubuta "shago na haya". Kududdufin ya matsa ciki da taku ashirin, kuma an soma zuba sabuwar shara a sabon bakin. Ka tambayi duk unguwar wa ya cike shi, ba wanda zai ce shi ne. Kuma kusan kowa ya zuba kwandonsa.

Wani lokacin kuma daga sama abin yake zuwa. Duk mai bin titin BUK, daga Ɗan Agundi zuwa Ƙofar Na'isa har Gadon Ƙaya, ya ga yadda aka yi ta cike ruwan da ke jikin badala ana yanka fulotai. An yi ta ce-ce-ku-ce a gidajen rediyo, har da irin wannan da kuke saurare. Sa'an nan a watan Yunin 2023 sabuwar gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta shiga rusau a wurare da dama na Kano, aka yi ta shari'a, aka yi ta maganar diyya. Ba zan shiga siyasar ba, kowa da ɓangarensa. Abu ɗaya kawai zan nuna. Katafila tana iya rushe bene a wuni guda. Ba ta iya dawo da kududdufi. Masu kuɗi sun yi asara, gwamnati ta kashe kuɗi, lauyoyi sun samu aiki, ruwa kuwa har gobe yana neman inda zai kwana.

Kuma yana samu. A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari, ya jiƙa dilolin atamfa da shadda na maƙudan kuɗi. 'Yan kasuwar da kansu suka nuna gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa. A cikin birni kuma, kowace damina sai mun ji katangar ƙasa ta jiƙa daga gindi ta faɗa wa mutane suna barci. Ga rijiyoyi suna ƙafewa, ga kuɗin 'yan garuwa kullum yana hawa. Ruwa ya yi mana yawa a Agusta, ya gagare mu a Afrilu. Ruwa ɗaya ne, wurin ajiyarsa muka sayar.

Ita ma Jakara an rufe ta da kankare an shimfiɗa titi a kanta, aikin da aka fara a zangon mulkin Kwankwaso na biyu. Masu zama a gefenta da yawa sun ji daɗi, kuma na fahimce su, domin wari ya ragu, hanya ta buɗe. Sai dai ina so ku ji labarin babban birnin Koriya ta Kudu. Su ma suna da wani rafi a tsakiyar gari da ya zama kwata. Suka rufe shi, suka ɗora masa babbar gada ta motoci. Bayan shekaru masu yawa suka dawo suka kashe dukiya mai ɗimbin yawa suka rushe gadar, suka buɗe rafin a 2005. Kifi ya dawo, tsuntsaye suka dawo, mutane suna zuwa shan iska. Su suna da kuɗin gyara kuskure irin wannan. Mu da ba mu da shi, gara mu yi tunanin tun ramin yana nan.

Masu sauraro, mun daɗe a bakin ruwa. Mu ɗaga kai mu dubi sama.

Ku lissafa unguwanni da ni. Durumin Iya. Durumin Zungura. Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Rimin Ƙira. Kukar Bulukiya. Tsamiyar Boka. Birnin nan da bishiya ake kwatance a cikinsa. Ka ɗauki yaro ɗan shekara goma ka ce ya nuna maka bishiyoyin da suka ba wa wuraren nan suna, ka ga nawa zai samu.

A unguwa irin Sheshe ba a yanka sabbin fulotai, domin ba filin. Sabon gini a nan yana nufin rushe tsoho. Maigida ya rasu, Allah ya ji ƙansa, a zo rabon gado. Gida ɗaya ya zama huɗu. Abin da ake fara taɓawa shi ne bishiyar tsakar gida, domin ta tsaya a kan iyaka. Sa'an nan kowa ya tashi nasa benen har bakin lungu, ya malale abin da ya rage da siminti. Ban ga laifin mai son fita daga ɗakin da ke yoyo ba. Ba wanda zai ce wa mutum ya zauna a ƙarƙashin azarar da gara ta cinye don tsattsewa ta samu wurin sheƙa. Amma a kan zanen gidan, kafin a haƙa fandisho, sau nawa ake tambayar ko za a iya matsar da ɗaki taku uku a bar dabinon nan? Yawanci ba a tambaya. Mai zane bai taɓa zuwa ya ga bishiyar ba.

A bayan gari kuma, wajen Kumbotso da Ungogo da Dawakin Kudu, inda da yawa daga 'ya'yan birni suke komawa, abin ya fi muni. Manoman karkarar Kano sun shekara ɗaruruwa suna noma a ƙarƙashin ɗorawa da gawo da kuka da tsamiya, ba su sare ba, domin sun san amfaninsu. Ranar da gona ta zama fulotai, katafila ce ke fara shiga. A share komai ƙal, sa'an nan a kafa turaku. Wanda ya sayi fili ya gama gini, zafi ya dame shi, sai ya je ya sayo ɗan dashen darbejiya ya fara ba shi ruwa. Kukar da ta fi kakansa shekaru tana nan a wurin wata shida da suka wuce.

Wa ke zaune a kan waɗannan bishiyoyi? Shamuwa, da farko. Tsuntsuwar da ke tafiya har kudancin Afirka da rani, ta dawo mana da ruwan farko. Manomi na ganinta ya san lokacin gyaran gona ya yi. Ba a jifanta, ba a cin ta, tun muna yara aka hana mu. A cikin gari take sheƙa, kusa da mutane, a kan babbar bishiya mai ƙarfin ɗaukar tarin ƙirare. Abincinta fara da tsutsa, wato maƙiyan manomi. Ta yi tafiyar dubban mil ta dawo bishiyar bara, ta tarar da tankin ruwa a kan bene. Ba mu jefe ta ba, gaskiya ne. Mun dai sare inda za ta sauka.

Sai jemage, wanda ba mai so. Manyan suna cin 'ya'yan itace su yar da ƙwallon a nesa, su ne masu dashen da ba a biya. Ƙananan kuwa ƙwari suke kamawa tun daga magariba.

Sai ungulu. Ina tambayar mahauta da ke saurare, yaushe rabonku da ganin ungulu a Abbatuwa? A da ba a yanka akuya a lungu ba ta sauko ba. Yau yaro ya san ta a karin magana kawai. A 2015 masu lura da halittun duniya suka sanya irin ungulun nan tamu ta cikin gari a sahun masu dab da ƙarewa. A nan sai in yi adalci, ba magina ne suka fi cutar da ita ba. Masu kama ta don tsibbu da masu sa guba a mushe su ne kan gaba. Amma ita ma doguwar bishiya take nema ta yi sheƙa, rimi ko kuka ko giginya, kuma ƙwai ɗaya take sakawa. Ko an daina kama ta yau, ina za ta koma? Mutanen Indiya sun ɗanɗana rashinta. Wani maganin shanu ya kashe musu kusan dukkan ungulayensu kafin a hana shi a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan banza suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Sai da ta tafi aka san aikin da take yi.

A duba kafin a sare, jama'a. Bishiya ba a mayar da ita da diyya.

Yanzu mu zo ga hukuma. Shin ba doka ne?

Akwai. Tun 1992 Nijeriya take da dokar da ta ce kafin a yi babban aiki sai an binciki illarsa ga muhalli. Amma ku ji inda gizo ke saƙa. A jerin ayyukan da binciken ya zama tilas a kansu, rukunin gidaje sai ya kai hekta 50. Wane kududdufi ne a cikin birni ya kai haka? Namu ana cinye su ne fuloti ɗaya-ɗaya, kowanne ƙarami ne da doka ba ta ganinsa. Idan aka haɗa su kuwa, ruwan birni guda ne ya tafi.

Saboda haka maganar ta dawo gida. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birane a hannun gwamna. Izinin gini kuma a hannun hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, yake. Su ne za su iya cewa wannan rami da wannan bishiya ba a ba da takarda a kansu, ko wa ya zo. Ma'aikacin da ke duba zane yana tambayar faɗin ɗaki da ƙarfin rodi da tazarar titi. Me zai hana a ƙara masa tambaya biyu a takardar? Ina ruwan wurin nan yake zuwa yanzu, ina kuma zai je bayan an gina? Mene ne ke rayuwa a wurin? Ba sai an ɗauko masani daga waje ba. Jami'ar Bayero tana da malaman da suka yi shekaru suna nazarin waɗannan kududdufai, ɗalibansu suna neman aiki.

A Ingila, daga 2024, mai babban gini sai ya nuna cewa abin da zai bari na tsirrai da halittu ya fi wanda ya tarar da kashi goma cikin ɗari, ko a wurin ko a wani wuri. Har bulo mai rami suke yi, wanda ake sakawa a bango don tsattsewa ta samu ɗaki. Wani zai ce wannan sai Turawa, masu cin abinci sau uku. To bari in kawo namu.

Malamanmu na fiƙihu sun san harimi. Rijiya tana da harimi, kogi yana da harimi, gari yana da harimi, bishiya ma tana da shi. Wato wani yanki a kewayensu da ba mai ikon mallakewa ya hana jama'a amfani, ko ya yi abin da zai cutar da su. Sun san hima, filin da shugaba ke keɓewa don amfanin kowa, kamar yadda aka yi tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da zamanin Sayyidina Umar. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a garin nan ya rubuta wa Kanawa littafin Diya'ul Hukkam, yana da wani littafin a kan hukuncin filaye da ya yi bayanin waɗannan abubuwa. Kuma kowane ɗalibin hadisi ya san labarin matar da aka azabtar saboda kyanwa, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Birnin da ke da zaurukan karatu a kowane lungu bai kamata ya jira Ingila ta koya masa cewa ruwa yana da harimi ba.

Ni a ganina, aikin farko mai sauƙi ne, kuma ba ya bukatar kwangila. A rubuta abin da ya rage. Kowane mai unguwa ya san kududdufan da ke ƙasarsa, ya san manyan bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya. A zauna da shi da limami da dattawa da ƙungiyar samari, a rubuta, a auna iyaka, a kai wa hakimi, a kai wa hukuma, a liƙa kwafi a bangon masallaci. Abin da aka rubuta aka karanta a bainar jama'a yana da wuyar sacewa da dare. Daga nan sai a zo maganar yashewa da katanga da zuba kifi, kuma ƙungiyoyin aikin gayya da ke yashe kwatoci kafin damina sun riga sun nuna cewa hannun yana nan.

Idan kuma sara ya zama dole, domin wani lokacin yakan zama, to a dubi lokaci. Ba a sare bishiya da damina tana ɗauke da 'ya'yan tsuntsu. Jiran wata uku ba ya rushe gini.

Lokacinmu ya kusa, sai in juyo gare ku kai tsaye.

Alhaji mai shirin gini, kafin ka biya dillali, je ka wurin da yamma bayan an yi ruwa. Tsaya ka ga inda ruwan yake bi. Ɗaga kai ka ga abin da ke kan bishiyar. Ka kai mai zanenka ya gani da idonsa. Ka bar ko kusurwa ɗaya ta tsakar gida ba siminti, ƙasa ta sha.

Hajiya, kwandon sharar da ake ba almajiri da safe, a tambaye shi inda yake juyewa.

Magada da ke shirin rabo, Allah ya ji ƙan mahaifinku, ku sa bishiyar a cikin lissafi tun kafin a ja igiya.

Ranka ya daɗe mai unguwa, idan ka ga tifa ta juya baya ta nufi bakin ruwa, kai ne na farko da za ka tambayi takarda. Malam liman, muna roƙon huɗuba ɗaya a kan harimi kafin damina ta kankama.

Dattawan Sheshe da kewaye kuma, ku da kuka san sunan kowane kududdufi da inda kowace kuka ta tsaya, ku aiko mana da sunayen ta gidan rediyon nan, waɗanda suka tafi da waɗanda suka rage. Za mu karanta su a shiri na gaba, unguwa-unguwa, masu ba da izinin gini su ji.

A duba kafin a cike. A duba kafin a sare. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da ambaliya, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.